Tsohon Tari da Jijiyoyin Jini

(Kiɗan buɗe shiri)

Barkanmu da shigowar sanyi. Gaisuwa ga na cikin birnin Maraɗi, daga Mokoyo da Bagalam da Ƴandaka har Zariya da Ali Ɗan Sofo. Gaisuwa ga Gobirawan Tsibiri, da manoman rani na Jiratawa waɗanda wataƙila yanzu haka rediyo na rataye a reshen mangwaro suna ban-ruwa. Filin lafiya ne. Yau za mu yi magana a kan tsohon tari, irin wanda ya zauna wa mutum shekara da shekaru har ƴan gida suka daina jin sa, da ɓarnar da yake yi a inda ba a zato, wato jijiyoyin jini da zuciya.

Kowace unguwa tana da mai irin wannan tari. Da asuba kana jiyo shi ta bayan katanga, tari mai nauyi, sai an yi kaki sau uku sau huɗu kafin ƙirji ya saki. Da farko ba a haki sai an hau tudu ko an ɗauki kaya. Bayan ƴan shekaru, daga gida zuwa masallaci sai an tsaya a hanya. Daga baya ko wanka ya zama aiki. Mukan ce tsufa ne, ko sanyi ne ya kama ƙirji. Likitoci suna kiranta cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, a takardar asibiti kuma za ku ga an rubuta BPCO. Hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura su tsuke, ƴan jakunkunan iska su yayyage, iska ta shiga ta kasa fita duka.

Kada a rikita ta da asma. Asma takan taso ta lafa, mai ita ya koma garau har wani lokaci. Wannan kuwa hanyar da ta tsuke ba ta komawa yadda take, sai dai a rage wa ciwon gudu. Ta kuma bambanta da tarin tibi, wanda ake ɗauka daga wani, ake warkewa da maganin wata shida da ake bayarwa kyauta. Sai dai tibi yakan bar tabo a huhu wanda daga baya yake zama wannan cuta, shi ya sa duk tarin da ya haura mako biyu, a fara kai kaki a auna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2021 wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3 da rabi, ita ce ta huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya. Cikin waɗanda ta kashe ba su kai shekara 70 ba, kusan tara cikin goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A ƙasashe masu arziki taba ce ke da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100. A irin namu rabon taba kashi 30 zuwa 40 ne, cikin abin da ya rage kuwa babban mai laifi yana cikin gida, a kan duwatsu uku. A gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda, wani bincike da aka fitar a 2015 ya auna numfashin mutanen karkara da suka haura shekara 30, aka sami kusan 16 cikin 100 suna da cutar. Mata ba su gaza maza ba, kuma galibin matan nan ko kara ɗaya na sigari ba su taɓa sa wa a baki ba. Da itace suke girki, kamar yadda fiye da gida tara cikin goma ke yi a nan Nijar.

Mu leƙa madafin mai ƙuli-ƙuli a Tsibiri, ko a kowane lungu na Maraɗi. Tun da sassafe ta ɗora kasko tana suyar gyaɗa. Itacen da aka samu bai gama bushewa ba, ta haɗa da karan gero, wuta ta ƙi kamawa, ta yago leda ta cusa, ta durƙusa ta kai fuskarta bakin murhu tana hurawa. Ido na hawaye, goyo na baya yana atishawa. An kai gyaɗa inji an dawo, ta zauna matsar mai da ruwan zafi, sannan ta mulmula tunkuza ta shiga suya har la'asar. Ga tuwon dare yana jira. Da yake iskar hunturu tana kwasar wuta tana watsa ƙasa cikin mai, an kewaye wurin da zana, ko an shige ɗaki an turo ƙyaure. Ku ɗaga kai ku dubi rufin ɗakin nan, kunkunniya ta yi baƙi ƙirin har tana zubowa. Iskar da ta shafa wa azara wannan baƙin, ita baiwar Allah nan take shaƙa yini guda, tun tana ƴar talla har ta yi jikoki.

To, ga abin da ya sa na kawo maganar nan yau. Mun ɗauka hayaƙi a ƙirji yake tsayawa. OMS ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200. Da aka rarraba su bisa ciwon da ya zama ajali, toshewar hanyoyin numfashi kashi 19 ta ɗauka. Ciwon jijiyoyin zuciya ya ɗauki kashi 32, shanyewar ɓarin jiki kashi 23. Ku haɗa biyun nan, fiye da rabi ta hanyar jijiyar jini suka tafi. Su ma waɗanda cutar huhun ta riga ta kama ba su tsira daga wannan ba. Wani babban bincike mai suna TORCH, da aka fitar a 2007, ya bi masu cutar kimanin dubu 6 har shekara uku, kuma cikin waɗanda suka rasu, fiye da ɗaya cikin huɗu zuciya ce ko jijiyar jini ta kashe su. Da aka tattara bincike-bincike masu yawa a 2015, an ga mai wannan cuta ya ninka wanda ba shi da ita fiye da sau biyu wajen samun ciwon zuciya da jijiyoyi. Mu kuwa in tsohuwa mai tari ta yanke jiki ta faɗi, sai mu ce tarin nan ne ya tafi da ita, alhali shekara goma ba wanda ya taɓa ɗaura mata abin awon tansiyo, wato hawan jini, a hannu. Wannan abu yana ci mini rai.

(Gajeren kiɗa)

Ta yaya hayaƙin da ya shiga ta hanci yake kaiwa ga jijiyar ƙafa ko ta ƙwaƙwalwa? A huhun babban mutum akwai ƴan jakunkunan iska miliyan 300 zuwa 500, kowace a lulluɓe da jijiyoyin jini sirara ƙwarai. Tsakanin iska da jini ƴar fata ce da ido ba ya gani, Allah Ya yi ta haka domin iskar oksijin ta ratsa cikin sauƙi. Gashin hanci da majina suna tare ƙura mai kauri, amma a cikin hayaƙi akwai ɓurɓushin da sai ka jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Shi yana wucewa har can ƙasa. Huhu ya kumbura yana faɗa da shi, sinadaran kumburin su bi jini su zaga jiki duka.

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa mai santsi daga ciki. An daɗe ana ɗaukar ta shafe ne kawai, sai a 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gano ita ce ke ba jijiya umarnin ta saki ta buɗe, aikin da ya sa shi da wasu masana biyu suka sami lambar Nobel a 1998. Wannan shimfiɗa ita hayaƙi ke fara ci. Manomin Jiratawa ya san bambancin sabon tiyo da wanda ya shekara uku a rana. Sabo yana da laushi, inji ya turo ruwa ya ɗan buɗe ya karɓa. Tsoho ya ƙandare, cikinsa ya yi kaushi ya tara laka, ruwa na fita da ƙyar, inji na wahala, wata rana kuma ko ya toshe ko ya fashe. Haka jijiyar mai tsohon tari take tsufa kafin mai ita. Ta ƙandare, tansiyo ya hau, kitse ya taru a bangonta, jini ya riƙa saurin daskarewa. In gudan jini ya toshe ta zuciya, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, ɓarin jiki ya shanye.

In ta ƙafa ce, abin a hankali yake zuwa, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Dattijo ya taso daga gida zai je garkarsa, ya yi ƴar tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure tana zogi. Ya tsaya minti biyu, ta saki. Ya ci gaba, daidai wannan nisan ta sake kamawa. Tafin ƙafar da sanyi ko da rana tsaka, gashin ƙwauri ya kakkaɓe, ƙaya ta soke shi wata guda miki bai rufe ba. Naman ƙafar ne yake neman jini bai sami isasshe ba. Da yawa ma ba su kai ga jin wannan zogin, domin haki yana tsayar da su tun kafin ƙafa ta yi ƙorafi. Ina roƙon iyayenmu wanzamai, da girman sana'arku, ƙafar da ta yi sanyi haka ko ta kumbura, kada a yi mata tsaga, kada a kafa mata ƙaho. Inda jini ba ya isa, ƙaramin yanka yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa.

Akwai kuma wani hawan jinin da abin awon hannu ba ya gani, kuma a nan nake so iyayenmu mata su matso kusa da rediyo. Jijiyoyin cikin huhu suna da ɗabi'a ta daban: inda iska ta yi ƙaranci sai su tsuke, don jini ya karkata zuwa inda iska take. Dabara ce mai kyau in ɗan lungu ɗaya ne ya toshe. Amma in huhun duka ne ke cikin ƙarancin iska shekara da shekaru, sai jijiyoyin duka su tsuke, bangonsu ya yi kauri. Ɓarin dama na zuciya, wanda aikinsa tura jini cikin huhu, ba a halicce shi da ƙarfin wannan kokawa ba. Ya yi ta turawa har ya buɗe ya gaji. Sai jini ya fara taruwa a baya, jijiyoyin wuya su fito ɓaro-ɓaro, hanta ta kumbura ta riƙa ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciki ya tara ruwa, ƙafafu su yi suntum. Jiki kuma, garin neman mafita, ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, jinin ya yi kauri, aikin zuciya ya daɗu. Tun a 1959 wata likitar zuciya a Indiya, Dokta Padmavati, ta fara ba da rahoton yawan wannan ciwo a birnin Delhi, kuma bincikenta ya nuna shi a jikin matan da ba su shan taba, waɗanda suka yi rayuwarsu gaban murhun kashin shanu a ɗakin da hayaƙi ba shi da mafita.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a daren nan, ba ko dala. Ƴata, in kin zo shafa wa Inna mai a ƙafa, ki sa babban yatsa a kan ƙwaurinta, ɗan sama da idon sawu, ki danna a hankali ki ƙirga goma, ki ɗaga. In wurin ya dawo nan take, madalla. In ya bar rami ya daɗe bai cike ba, kuma a ƙafafun biyu, ruwa ne ya taru. Da safe ki dubi leɓenta da farcenta a haske, ko sun yi duhu sun koma shuɗi-shuɗi. Ki lura ko ta daina kwanciya miƙe, sai ta jingina da bango ko ta tara matasai kafin barci ya ɗauke ta. Kada ki bari a ce miki sammu ta taka. Ciwon ƙoda ma yana kawo kumburi, na hanta ma haka, shi ya sa ba a yanke hukunci a gida. Amma mai tsohon tari da kumburin ƙafa, zuciya ake fara tuhuma. A kai ta ƙaramin asibiti, wato CSI, majo ya duba, in ta kama a tura ta babban asibitin jiha ko Asibitin Referans na Maraɗi, a nemi hoton ƙirji da awon bugun zuciya da eko, wato hoton zuciya.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu sai lokacin da ya fi kowane haɗari. Mai wannan cuta yana da ranakun da take taso masa. Mura ta kama shi, ko hazo ya rufe gari kwana uku, kaki ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa ko kore, numfashi ya sarƙe. Ƙurar nan ta hunturu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da muke rufe tagogi mu shigo da kaskon wuta ɗaki. An yi magani, tari ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi an tsallake. Da sauran aiki tukuna. A Ingila an duba bayanan masu cutar fiye da dubu 25, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa fiye da sau biyu a kwana biyar na farko bayan tasowar ciwon. Wani binciken na 2018, a kan mutum fiye da dubu 16 masu cutar waɗanda dama ke da matsalar zuciya ko suke cikin haɗarinta, ya ga a wata guda na farko haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ya kusa ninkawa sau huɗu, ga waɗanda abin ya kai su kwanciya asibiti kuwa kusan sau goma. Iska ta ragu a jini, zuciya na gudu, kumburi ya ƙaru, mutum na kwance ba motsi, jini na neman daskarewa.

Saboda haka watan nan guda na bayan tasowar ciwo, a sa ido sosai. In ya ce yana jin nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, yana sauka hannun hagu ko haɓa, ga gumi mai sanyi. In baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta harɗe, ko da na minti biyar ne ya wuce. In ƙafa ɗaya tak ta kumbura ta yi zafi sannan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, wanda kan nuna gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya jiran gari ya waye. Na san abin da ake fara faɗi a gidajenmu idan baki ya karkace: iska ce ta buge shi, a kira malam, a kawo turare. Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita na dogara. Amma a yi ta cikin mota ana tafiya. Kuma don Allah kada a turara wa mai sarƙewar numfashi hayaƙi, kada a ɗura wa wanda bakinsa ya karkace rubutu ko ruwa, domin haɗiya takan gagara, abin ya zarce huhu. Daga Tsibiri ko Jiratawa zuwa Maraɗi ba tafiyar da ta kai awa guda a mota. Abin da ke cinye lokaci shi ne shawara, da jiran maigida ya dawo.

Sai maganin tebur. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, su ɗaga tansiyo, su wahalar da ƙoda da zuciyar da dama ta gaji. Deksa da ƴan uwanta suna buɗe ƙirji na ɗan lokaci, shi ya sa ake son su, likita ma yakan ba da irinsu na ƴan kwanaki in ciwo ya taso. Amma wanda ya mai da su abin kullum zai gamu da hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska da raunin ƙashi. Maganin shaƙa na fesawa a baki shi ne ginshiƙi a wannan cuta, kuma ba gaskiya ba ne cewa wanda ya fara shi ya kamu ke nan. Sai dai in ka ga kana fesawa fiye da yadda aka ce, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, ka koma wurin likita. Ƴan uwana ma'aikatan lafiya, ku ma ga roƙo ɗaya. Duk wanda ya shigo da tari na shekaru, kafin a rubuta masa takardar magani, a auna tansiyonsa, a taɓa bugun jijiyar ƙafarsa, a danna ƙwaurinsa, a tambaye shi da me ake girki a gidansu. Tabbatar da cutar kanta sai da na'urar awon numfashi wadda ake hurawa da ƙarfi, kuma tana da ƙaranci a asibitocin Afirka da yawa. Ɗalibanmu na likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun cancanci su saba da ita tun suna makaranta.

Yanzu da ku nake, magidanta. Mace ce ke shaƙar hayaƙi, amma ba ita ke faɗin inda za a gina madafi ba, ba ita ke biyan magini ba. Mukan kashe kuɗi a kan ƙofar ƙarfe da fentin zaure, madafi kuwa sai ragowar bulo, a kusurwa, ba taga. A ƙasar Gwatemala an gina wa mata murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi, sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna tansiyon matan ya sauka da maki kusan huɗu a lambar sama, uku a ta ƙasa, da canjin murhu kawai. Amma ba zan yi muku daɗin baki ba. A Malawi an gwada ingantaccen murhu a ƙauyuka 150, sakamakon 2017 ya nuna ciwon huhun yara bai ragu ba, wataƙila domin hayaƙi ba ta ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Ga na maƙwabta, ga na bola, ga tsohon murhun da ba a daina hurawa ba. Murhun Albarka na laka da Mai Sauƙi na ƙarfe suna rage cin itace, wannan kuwa alheri ne ga aljihu da dajin Baban Rafi. Sai dai rage itace daban, fitar da hayaƙi daga ɗaki daban.

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 muke da gas na girki daga cikin ƙasa, kuma wanda Allah Ya hore wa, sayen tukunyar gas ya fi wata hidimar da muke yi don idon mutane. Na san ba kowa ke da hali ba, na kuma san mai ƙuli ko mai tuwon sayarwa ba za ta dogara da ƴar tukunya mai kilo 6 ba. Akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai. A yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa, a tare ɓangaren da iska ke bugowa kawai. In ɗaki ne, a fasa taga biyu masu kallon juna, da mafita can sama kusa da rufi inda hayaƙi ke taruwa. A shanya itace ya bushe. Leda da tsohon silifa da guntun taya su bar bakin murhu. Goyo a miƙa wa wani kafin a durƙusa hura wuta. Tsohuwar da ta riga ta kamu kuma a sallame ta daga murhu, gidan da ke da surukai da jikoki bai kamata a ce ita ke hura wutar asuba ba. Garwashi a ɗaki rufe kuwa ko ga mai lafiya guba ne, domin gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200, ta hana shi ɗaukar iska. Masu dafa shayi a shago, da mai jego da ake hura wa wuta a ɗaki, da masu turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, a bar ƙofa ko taga a buɗe.

Taba ba ta buƙatar dogon bayani. Nijar tana da dokar yaƙi da shan taba tun 2006, amma doka ba ta shiga fada ko ɗakin samari, inda shisha ta sami gindin zama. Ruwan tulun shisha ba ya tace wani abin da ya taka kara ya karya, ga kuma hayaƙin gawayin a kai. Tabar da ake cusawa a baki da kanwa ba ta shiga huhu, amma tana ɗaga tansiyo. Wanda ya bar sigari, cikin awa 12 iskar gubar nan ta sauka a jininsa, cikin shekara guda kuma ƙarin haɗarin ciwon zuciyarsa ya ragu da kusan rabi, ko da kuwa abin da ya yage a huhu bai ɗinku ba.

Akwai kuskuren da ƴan gida ke yi saboda tausayi. An ga Baba yana haki, sai a ce ya zauna, a kawo masa komai har buta. Zaman nan yana narkar da naman ƙafa, ƙafar da ta yi rauni kuma ta fi cin iska, haki ya ƙaru, jini ya kwanta a jijiya. Tafiya magani ce a wannan cuta. A fara da abin da aka iya, ko zuwa bakin titi ne a dawo, kowace rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A shaƙa ta hanci, a fitar ta baki a hankali da leɓe a tsuke, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ranar da hazo ya yi kauri a yi ta a tsakar gida, a rufe hanci. A cikin miya kuma a sassauta hannu. OMS ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen magi da kanwa duk suna cikin lissafi. Ga zogale da kabeji da tumatir na Jiratawa, lokacin araharsu yana tafe.

Wanda ke da mai tsohon tari a gida, a makon nan ya biya da shi CSI a auna masa tansiyo, a rubuta lambobin biyu da kwanan wata a takarda a adana. In ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, wato abin da majo zai ce muku 14 da 9, a koma wata rana a sake awo, a tafi da takardar. In abin ya tsaya a nan za a ɗora shi a kan magani, kuma maganin tansiyo ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Lokaci ya cim mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)